Tsiyaye Mai daga Injin Kwale-kwale

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka sami tafki mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,200, masunta da masu fito na wajejen Yawuri suka ƙara dogara ga injin nan da ake ɗaurawa a bayan kwale-kwale. Injin da ya mutu a tsakiyar irin wannan ruwa ba kamar mota ba ne da ta tsaya a bakin hanya. Babu mai turawa, babu makanike, kuma in hadari ya taso rayuka ne a ciki. Sau da yawa kuwa daga hanyar mai matsalar take tasowa.

Dalili shi ne fetur ba ya jure ajiya. In ya daɗe cikin kafireto, sai sashensa mai sauƙi ya bi iska, ya bar wani ƙaro mai danƙo wanda ke toshe 'yan ƙofofin da mai ke bi, waɗanda wasunsu ba su fi tsinin allura ba. Ga kuma ruwa, ko na raɓar da ke taruwa cikin tanki, ko wanda ya zo cikin jarkar mai sayarwa. Da yake ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya, watau daidai inda tiyo ke zuƙa.

Dabarar da aka fi sani ita ce a cire tiyon mai, a bar injin yana aiki har ya mutu da kansa. Tana da sauƙi, amma ba ta da kyau ga kowane inji. A injin da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, galibi kashi 50 na fetur da kashi 1 na baƙin mai, wannan haɗin ne kaɗai ke shafe ƙarafan ciki. In injin yana da kafireto fiye da ɗaya, wani zai riga wani ƙarewa, sai fistin ɗinsa ya ci gaba da gudu a bushe. Sa'an nan lalle ƙafar injin ta kasance cikin ruwa, gama robar famfon sanyaya shi takan ƙone nan da nan in babu ruwa. Bayan wannan duka, akan sami ragowar mai a gindin kafireto.

Abin da ya fi shi ne a kashe injin, a bari ya huce, a cire tiyo, a kwance ɗan sukurun da ke ƙarƙashin kwanon kafireto, a tari man cikin kwalba mai haske. Kwalbar nan ita ce shaida: in akwai ruwa za a gan shi kwance a ƙasa, in akwai tsatsa to tankin ma yana bukatar wanki. A wanke mataci, a mayar da sukurun ba tare da matsi mai yawa ba, don ƙarfen kwanon yana da laushi. Kafin a koma ruwa, a matsa ƙwallon robar tiyo har ya yi tauri, a duba ko akwai yoyo.

Tururin fetur ya fi iska nauyi, cikin gindin jirgi yake taruwa, saboda haka a tudu ake wannan aiki, a sarari, nesa da taba da fitila. Ba a zuƙo mai da baki, domin kaɗan in ya shiga huhu yakan jawo ciwo mai tsanani. Tsohon man kuwa a rufe shi cikin jarka, kada a zuba shi a ruwan da ake kamun kifi ake kuma sha.