Noman biyo: yadda ake binciken gona kafin a ba da takardar shaida

Ƴan'uwa manoma, a ƙasashen Turai akwai masu saye da ba su son amfanin gonar da aka zuba wa takin zamani ko aka fesa wa maganin ƙwari. Noman da babu waɗannan abubuwa shi ake kira "biyo" da Faransanci. Riɗin biyo ya fi sauran riɗi tsada, kuma maƙwabtanmu na Burkina Faso sun daɗe suna kai shi can.

Wani zai ce: "Ai ni ban taɓa sayen takin zamani ba." Gaskiyarsa. Amma mai saye yana nesa, bai ga gonar ba. Takardar shaida kaɗai yake dubawa.

Wa ke ba da takardar?

Kamfanonin bincike ne waɗanda Tarayyar Turai ta yarda da su. Ɗaya daga ciki shi ne Ecocert, wanda aka kafa a Faransa a 1991. Mai neman takarda shi ke biyan kuɗin bincike, kuma kuɗin ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Saboda haka manoma ke haɗuwa cikin ƙungiya, su nemi takarda guda. Dokar Turai da ta fara aiki a 2022 ta ce kada ƙungiya ta wuce mutum 2000.

Sai an yi haƙuri

Ba a samun takardar a damana ɗaya. Gonar riɗi ko wake sai ta yi shekara 2 ba takin zamani, ba feshi, kafin a shuka abin da za a kira biyo. Itatuwa kamar mangwaro shekara 3 ne. Cikin wannan lokaci ana ciyar da ƙasa da takin dabbobi da na juji, ana korar ƙwari da ruwan ƴaƴan dogon yaro.

Bincike biyu ne

Na farko na gida ne. Ƙungiya tana naɗa masu dubawa, su zagaya gonar kowa da kowa a kowace shekara. Na biyu na baƙo ne. Kamfani yana aiko da mai bincike aƙalla sau ɗaya a shekara, wani lokaci ba sanarwa. Shi ke zaɓen gonakin da zai shiga, aƙalla 5 cikin 100.

Yana duba iri, ko an cuɗa shi da magani. Yana duba iyaka, ko feshin maƙwabci na iya ƙetarowa. Yana leƙa rumbu da buhuna, don buhun da ya taɓa ɗaukar takin zamani bai halatta ba. Yakan ɗebi riɗi kaɗan a kai ɗakin awo.

Ajiya ba abin wasa ba ce. A 2015 Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya saboda maganin da aka samu cikinsa, irin wanda muke kira piya-piya. Wannan magani yana cutar da mai ci, ko a Turai ko a gidajenmu. Buhu mai riɓi uku yana tsare wake daga ƙwari ba da magani ba.

Littafi shi ne shaidar manomi

Mai bincike zai nemi littafin gona: faɗin gona, ranar shuka, inda aka samo iri, takin da aka zuba, buhu nawa aka samu. In ƙaramar gona ta kawo buhunan da suka fi ƙarfinta, zai gane an sayo na kasuwa an haɗa. Wanda aka kama, ana fitar da shi. In riɗinsa ya riga ya gauraya da na jama'a, duk kayan sun faɗi. In kuwa aka ga ƙungiya ba ta tsare aikinta, kowa ya rasa takarda. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Don haka, ɗaliban yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai yi rana. Tun wannan damana, kowa ya buɗe littafi, ya rubuta aikin gonarsa a ranar da ya yi shi. Allah ya ba mu damana mai albarka.