Littafi ya koma cikin waya: hirarmu da mai tsaron ɗakin karatu a Gazawa

Duk wanda ya bi kasuwannin da ke kan babbar hanyar kwalta, tun daga Gidan Runji ya ratsa Maraɗi da Cadawa da Agye har ya iso Gazawa, ba zai rasa cin karo da wannan abu ba: mace tana zaune gaban buhun aya ko kaskon ƙosai, waya na jingine da tiya, wata murya kuma na ta zuba labari daga cikinta. Da ka kasa kunne sai ka ji ashe littafi ne ake karanta mata. Mai saye ya zo ta dakatar, ta auna, ta ba da canji, sannan ta danna a ci gaba daga inda amarya ta shiga gaida uwargida.

Wannan ne ya sa muka nemi mutumin da muke zaton abin zai fi ɓata wa rai, wato wani tsohon malamin lakwal da ke kula da ɗakin karatu na wata kwaleji a nan yankin Gazawa. Kowa Mushe yake ce masa, ya kuma roƙe mu da mu bar shi a haka. Mun je da niyyar jin kuka, sai muka tarar da zancen ya fi haka tsawo.

Mushe ya shaida mana cewa shi ma da allo ya fara, kafin a kai shi lakwal inda komai da Faransanci ake yi. Littafin Hausa na farko da ya taɓa riƙewa shi ne Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a 1937, wani kawunsa mai fatauci ne ya sayo masa daga Katsina. Ya ce sai da ya yi kwanaki yana tuntuɓe kafin bakinsa ya saba, domin ba wanda ya taɓa koya masa karanta harshen da ya tsotsa. Da ya iya, sai aikin ya zame masa jiki: bayan sallar isha'i mahaifiyarsa da abokiyar zamanta su shimfiɗa tabarma, a kunna fitilar ƙwai, shi yana karantawa su suna ɓarar gyaɗa. In ya yi sauri a ce ya koma baya. Saboda haka, a cewarsa, ba shi da bakin zagin mai sauraren littafi, tunda shi kansa waya ya zame wa iyayensa tun ba a san waya ba. Ya kuma tuna mana cewa ko a cikin littafin na Imam, aku ne yake ba da labaran da baki, sauran jama'a suna saurare.

Da muka tambaye shi wane littafi ya fi so, sai ya jawo Sarraounia na marigayi Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, labarin sarauniyar Lugu da ta tari sojojin Bule da Shanwan a 1899. Ya ce abin da yake ci masa rai shi ne, waɗannan Turawa biyu a nan kusa ajalinsu ya same su, wajen Maijirgi a ƙasar Tasawa, amma jikokin waɗanda aka ƙona wa garuruwa ba su iya karanta labarin sai in sun yi nisa a lakwal, don da Faransanci aka rubuta shi. Haka kusan duk kantocin ɗakin nasa suke. Mun duba da idonmu, littattafan Hausa ba su cika tafin hannu ba.

Don haka ne ya daɗe da ajiye wata akwati a gidansa, cike da littattafan Kano, waɗanda ake kira na soyayya, yana bai wa matan unguwa aro ta hannun ƴaƴansu. A nan ne ya bambanta da abokan aikinsa da yawa masu ganin waɗannan littattafai shirme ne. Idan ba a manta ba, a 2007 har ƙona su aka yi a bainar jama'a a Kano, zamanin gwamna Ibrahim Shekarau, bisa zargin suna ɓata tarbiyya. Mushe bai musa cewa akwai na banza a ciki ba, ya ce akwai waɗanda in ka karanta ɗaya ka karanta goma: saurayi mai mota, budurwa fara, kishiya mai bin bokaye. Sai dai ya ce duk wanda ya yi musu kuɗin goro bai karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ba, wanda ya fito a 1990. Labarin Rabi ne, wadda mijinta ɗan kasuwa ya kora da ƴaƴanta saboda sabuwar amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Ya ce babu wata mai tuwo-tuwo a Gazawa da za a karanta wa wannan ta ce ba ta san matar ba. Ita kanta marubuciyar tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, daga baya ta koma neman ilimi, kuma a 2012 aka buga littafin nata da Turanci a ƙasar Indiya.

To, yanzu akwatin ta fara kwantai. Littattafan da a da ake shigo da su ta Jibiya da Ɗan Isa sun ragu tun kafin Najeriya ta rufe iyaka a 2019, aka kuma sake rufewa a 2023, domin marubutan da yawa sun bar maɗaba'a sun koma WhatsApp da Wattpad. Daga can ne wasu suke kwasa su karanta da murya su ɗora a YouTube, masu cajin waya kuma su tura wa mata a memori a kan dala ashirin ko abin da ya sawwaƙa.

Mushe ya ce alherin da ke cikin wannan ba ƙarami ba ne. Matar da ba ta taka ƙofar lakwal ba, wadda da sai ta lallaɓi ɗiyar maƙwabta ta karanta mata, yau ita ke zaɓen abin da za ta ji, hannunta kuma yana kan sana'arta. Ya yaba da gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, inda ake karanta labaran mata a rediyo tare da faɗin sunan kowace marubuciya.

Amma daga nan fuskarsa ta canja. Ya ce yawancin abin da ake turawa a memori, wadda ta yi wahalar rubutawa ko tamma ba ta gani, wani lokaci ko sunanta ba a faɗi. A nan muna ganin ƴan kasuwa sun fi kowa fahimtar maganar. In wani ya ɗauki tiren goronki ya zaga kasuwa ya sayar, ya zuba kuɗin a aljihunsa, ba za ki ce ya taya ki talla ba. Ya kuma koka da muryoyin inji da aka fara amfani da su, masu karanta Hausa ba gaɓa, su haɗa fari da fara, su kira baƙo bako, har labarin mutuwa ya fito kamar tallar sabulu.

Abin da ya fi damunsa kuwa bai shafi marubuta ba. Ya ce littattafan soyayya, duk da zagin da suka sha, su ne suka sa mata da yawa suka dage suka koyi karatun boko, don kawai kada a riƙa yanke musu labari a tsakiya. Wadda ta koya don labari, da shi take karanta takardar likita da rasit, da shi take rubuta sunayen masu cin bashi. Yanzu da waya ta ɗauke wannan ƙishirwa, yana tsoron kada a daina neman rijiyar. Mu ma a nan muka tsaya, domin mun san matan da jarinsu ya karye ba don rashin ciniki ba, sai don bashin da suka riƙe a ka har ya zube.

Mun tuna masa cewa tun watan Maris na 2025 hukumomin ƙasa suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ya yi murmushi ya nuna mana kantocin, ya ce shi dai yana jiran ranar da mota za ta tsaya a ƙofar kwalejin da kwalin littattafan Hausa.

Kafin nan ga dabarar da ya ɓullo da ita. Duk matar da ta aiko neman ya faɗa mata labari mai daɗi da za a tura mata, sai ya zaɓi wanda yake da shi a takarda, ya haɗa mata da littafin, ya ce ta riƙa bin layi da yatsa yayin da muryar take karantawa. Muna zaune wata dattijuwa mai sayar da fura ta aiko jikarta da littafi na biyu, gefensa duk ya yi laushi, tare da saƙon a gaida Mushe, a ce Inna tana son na uku. Ya zazzage akwatin kaf bai same shi ba. Ya ce wadda ta ara tun bara ta yi aure a Agye, ta tafi da shi cikin kayanta.