Me ya sa ciyawa ke gagarar magani a gonakin alkama?

A duk lokacin da hunturu ya kama, manoman rani a yankunan Bakura da Talata Mafara da Maradun a jihar Zamfara kan koma filayen da ke shan ruwa daga madatsar Bakolori, wadda aka kammala gina ta a 1978 a kan Gulbin Sakkwato. Alkama na daga cikin abin da ake shukawa a wurin, galibi daga tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba, domin ta samu sanyin da take buƙata.

Alkama ba ta da jimirin kokawa da ciyawa a makonnin farko, kuma da yake a cunkushe ake shuka ta, fartanya ba ta shiga cikinta da sauƙi. Ga kuma tsadar 'yan ƙwadago. Wannan ya sa manoma da dama suka dogara ga feshi, musamman maganin nan mai suna 2,4-D, wanda ke kashe ciyayi masu faɗin ganye irin su zaki-banza, ya ƙyale alkamar.

Sai dai kuma abin da ya faru a wasu ƙasashen ya nuna cewa wannan dogaro yana da iyaka.

A Amurka an fara sayar da maganin chlorsulfuron a 1982, manoman alkama kuma suka rungume shi saboda ɗan kaɗan ya ishi fili mai faɗi. Kafin ƙarshen 1987 an samu ciyayi iri biyu da suka daina jinsa. A Sifaniya, wata ciyawa mai jan fure da masana ke kira Papaver rhoeas ta gagari 2,4-D da kuma tribenuron tun cikin shekarun 1990. Irin wannan matsala ta bayyana a gonakin alkama na Sin da Indiya da Ostireliya. A yau nau'o'in ciyawar da aka tabbatar sun gagari wani magani a duniya sun haura 250.

Yadda abin ke faruwa

Ba maganin ne ke sauya ciyawar ba, kamar yadda wasu ke zato. A cikin dubban tsirrai iri ɗaya, akan samu ɗaya ko biyu da tun asali halittarsu ta ɗan bambanta, ta yadda dafin ba ya kama su, ko kuma jikinsu ke narkar da shi kafin ya yi illa. Feshi ya kashe sauran, su kuwa su tsira, su samu fili da taki da ruwa su kaɗai, su zubar da dubban 'ya'ya. Baɗi a sake fesa magani iri ɗaya, 'ya'yan nasu su sake tsira. Cikin 'yan shekaru sai su zama su ne masu gonar.

Filin ban-ruwa yana hanzarta lamarin. Ana noma shi damina da rani, wato ana iya yin feshi sau biyu ko fiye a shekara, kuma 2,4-D ɗin da ake yi wa alkama yana cikin wasu gaurayen magungunan da ake yi wa shinkafa. Bugu da ƙari, ruwan kwalbati da injin sussuka da irin da aka ajiye ba a tankaɗe ba duk suna ɗaukar 'ya'yan ciyawa daga gonar wani zuwa ta maƙwabcinsa.

Akwai wani tarkon kuma a kasuwa: kwalabe masu suna daban-daban da launi daban-daban, amma sinadarin da ke ciki ɗaya ne. Manomin da ya sauya kwalba yana ganin ya sauya magani, alhali kuwa bai sauya komai ba.

Gagara ce ko kuskuren feshi?

Ba duk feshin da bai ci ba ne ke nuna gagara. Jabun magani, da dama shi da ruwa mai laka, da jinkirta feshi har ciyawa ta riƙa, da rage awo domin kwalba ɗaya ta kai gona biyu, duk suna sa ciyawa ta tsira. Rage awon ma ya fi sauran haɗari, domin yana barin masu ɗan ƙarfi su rayu su hayayyafa.

Alamar da masana ke dubawa ita ce a ga ciyawa iri guda tsaye da ɗanyen ganye a tsakiyar 'yan uwanta da suka bushe, kuma gurbin nata yana ƙara faɗi kowace shekara. Idan aka ga haka, shawararsu ita ce a tuge ta da hannu kafin ta yi 'ya'ya, a fitar da ita daga gonar, sa'an nan a sauya sinadari ba sunan kwalba ba, a kuma riƙa karɓa-karɓa tsakanin alkama da albasa ko wake ko wani amfanin na daban.

Jiran sabon magani ba dabara ba ce. Daga ƙarshen shekarun 1980 sai da aka shafe kimanin shekaru 30 kamfanoni ba su fito da maganin ciyawa mai sabuwar hanyar kisa ba. Najeriya kuwa har yanzu daga waje take sayo mafi yawan alkamar da take ci, kuma filayen ban-ruwa irin na Bakolori da na Kadawa a jihar Kano ne ake sa ran za su rage wannan giɓi.