Yadda Muke Koya wa Ƙannenmu Muhawara

Ran da aka fara tsai da ni gaban jama'a a ɗakin taro, ina aji ɗaya, sabon zuwa Kankiya daga Kusada. Na haddace jawabina tsaf da Turanci, amma da na ga idanu sun yi mini caa, sai ya ɓace ɗungum. Ina nan tsaye har aka kaɗa ƙararrawa. Yau kuwa ni aka ɗora wa koyar da 'yan ƙaramar sakandare a Ƙungiyar Muhawara, saboda haka abin da na fara hana su shi ne hadda.

Da Hausa muke farawa, domin yaron da bai iya kafa hujja da harshensa ba, ba zai iya da na wani ba. Sai mu ɗauko batun da suka sani, misali noma da kasuwanci wanne ya fi amfani. Kowa ya rubuta hujja uku kacal a 'yar takarda, a ba shi minti uku. Daga nan sai abin da suka fi ƙi: a juya su. Ɗan manomi ya kare ɗan kasuwa, wanda ubansa ke da rumfa a kasuwar Kankiya ya kare manomi. Nan za ka ji gunaguni, amma nan ne yaro ke koyon sauraro, don ba a yarda ya rusa magana ba sai ya maimaita ta yadda mai ita ya faɗa.

Na san wasu iyayenmu na ganin wannan koyon tsaurin ido ne. Babana ma da na je hutu ya ce, "Wato gardama na tura ka koyo?" Na ce, "Baba, wanda ya katse wani ko ya yi gatse, alƙalai rage masa maki suke yi." Na tuna masa cewa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, malamin Midil ne a Bauci, kuma a can shi da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suka riƙa zaman tattauna al'amuran ƙasa tun kafin 'yancin kai. Baba bai ce ya yarda ba, ya dai tambaye ni wa ya ci, manomi ko ɗan kasuwa.