Ladan 'Yan Aiki da Ribar Mai Gidan Abinci: Wani Lissafi daga Ƙasar Yauri

Matafiyin da ya biyo hanyar da ta taso daga Kontagora, ta ratsa Yelwa, ta miƙe zuwa Koko da Jega, ba ya buƙatar a gaya masa cewa ƙasar Yauri ƙasar ciniki ce. Tun kafin a kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968 ana su da noma a gaɓar kogin Kwara, bayan da tafkin ya cika kuma sai fataucin kifi ya ƙara bunƙasa. Sarkawa da sauran masunta na kawo kifi, Gungawa da maƙwabtansu na kawo albasa da shinkafa, fatake na zuwa daga nesa, direbobi da 'yan dako na kai da komowa tsakanin Yelwa da Wara da Shanga da Birnin Yauri. Mafi yawan waɗannan mutane ba a gidajensu suke cin abincin rana ba. Wannan shi ya sa duk tashar mota da bakin kasuwa da mashigar kwalekwale ba a rasa rumfar mai tuwo-tuwo ko ta mai shinkafa da miyar kifi.

A bayan kowace rumfa akwai 'yan aiki: mai tuƙa tuwo, mai hura wuta da gyaran kifi, mai miƙa wa baƙi kwano, da mai wanke-wanke. Su na kukan cewa ladansu ba ya kai su ko'ina, uwar ɗakinsu kuma na rantsuwa cewa in ta ƙara ko kwabo to jarinta zai karye. Wannan gardama ta daɗe tana ɗaukar hankalin masana tattalin arziki a duniya, kuma abin sha'awa shi ne ɗalibin sakandare da ya iya tarawa da ɗebewa da rabawa zai iya bin diddiginta da kansa.

Abin da doka ta ce

Nijeriya ta kafa dokar mafi ƙarancin albashi ta ƙasa a shekarar 1981, inda aka yanke naira 125 a wata. An kai shi naira 18,000 a 2011, sannan naira 30,000 a 2019, sai kuma naira 70,000 a watan Yulin 2024. A watan Oktoban wannan shekarar Gwamna Nasir Idris na Jihar Kebbi, wanda tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne, ya amince da naira 75,000 ga ma'aikatan jiharsa. To amma dokar ƙasa ta cire duk wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ƙarin da jiha ta yi kuwa na ma'aikatan gwamnati ne. Da wuya a sami gidan abinci a ƙasar Yauri mai ma'aikata 25. Ke nan babu hukumar da za ta tilasta wa mai rumfa, ita da 'yan aikinta ne za su daidaita. Sai dai adadin ya riga ya shiga kunnen kowa, ya zama ma'aunin da ake gwada lada da shi.

Mu buga lissafi

Alkaluman da ke tafe na misali ne kurum, an zaɓe su ne domin sauƙin lissafi, mai karatu na iya musanya su da na garinsu. Mu ɗauka wata mai abinci a tashar mota tana sayar da kwano 100 kullum, kowanne naira 1,000, cinikinta ya kama naira 100,000. Cefane, wato shinkafa da kifi da mai da kayan miya, na cin naira 68,000, watau naira 680 a kan kowane kwano. Itace da ruwan 'yan garuwa da hayar rumfa da kuɗin tikiti na cin naira 12,000. Tana da 'yan aiki huɗu, kowane ɗaya naira 1,500 a rana, jimilla naira 6,000. Abin da ya rage mata shi ne naira 14,000.

Yanzu a ce ta ƙudurta kai kowane ɗan aiki ga naira 75,000 a wata. In ana aiki kwana 30, wannan na nufin naira 2,500 a rana, ƙarin naira 1,000 ke nan ga kowanne, naira 4,000 ga su huɗun. A wajen ɗan aiki ƙarin babba ne ƙwarai, domin ya kai kashi biyu bisa uku na tsohon ladansa. A wajen mai cin abinci kuwa, in aka raba naira 4,000 ga kwano 100, naira 40 ce kacal a kan kowane kwano, wato kashi 4 cikin 100 na farashi. Dalilin wannan bambanci shi ne ladan 'yan aiki ɗan ƙaramin yanki ne na kuɗin da ake kashewa a irin wannan rumfa. Ƙa'idar da za a riƙe ita ce: nauyin ƙarin lada a kan farashi ya danganta ne da kason da lada ke ci a cikin ciniki.

Hanyoyi biyu ke gabanta. In ta bar farashi yadda yake, ribarta za ta sauko daga naira 14,000 zuwa 10,000. Ba ta faɗi ba, amma ta rasa fiye da rubu'in abin da take samu, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga macen da ke ciyar da gida da wannan kuɗi. In kuwa za ta ƙara farashi, naira 40 ba ta ƙaruwa saboda matsalar canji, sai dai ta ƙara 50, kwano ya koma naira 1,050. Idan duk masu zuwa suka ci gaba da zuwa, ribarta ta zama naira 15,000, har ta ɗara ta da. Idan mutum uku suka koma rumfar maƙwabciyarta, ribar ta dawo naira 13,890. Idan goma suka tafi, ta zama 11,300, wanda har yanzu ya fi abin da za ta samu da ba ta taɓa farashi ba. Sai mutum 14 sun guje ta sannan ƙarin farashin zai zame mata ɓarna. Masana na kiran wannan al'amari saurin juyawar masu saye, wato gwargwadon yadda suke janyewa in kaya ya yi tsada. Direban da ya tsaya na minti ashirin kuma ya saba da hannun mai miya ba zai tashi saboda naira 50 ba. Ɗan dakon da ke ƙirga kuɗinsa kafin ya zauna zai iya tashi.

Akwai hanya ta uku da kowa ya sani ko da yake ba a faɗinta, ita ce a bar farashi a rage ludayi, malmala ta ƙanƙance, gunduwar kifi ta sirance. Wannan ma ƙarin farashi ne, an dai ɓoye shi a cikin kwano.

Sai mu gwada wannan da tashin kayan cefane. In cefanen naira 68,000 ya tashi da kashi 20 cikin 100, ƙarin naira 13,600 ke nan a rana, ribar naira 14,000 ta koma 400. Irin wannan tashi ya faru a zahiri. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin sufuri ya hau, kuma a tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa farashin abinci ya ƙaru da sama da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. A ganina, sau da yawa in mai abinci ta ce ba za ta iya ƙarin lada ba, da mai buhun shinkafa da mai manja take faɗa, sai haushin ya sauka a kan mai wanke-wanke, domin ita ce kaɗai farashinta ke hannun uwar ɗaki.

To amma kada a ɗauka kowace rumfa haka take. Mu dubi mai sayar da kwano 30 a rana da 'yan aiki biyu. Cinikinta naira 30,000, cefane 20,400, itace da ruwa 3,000, lada 3,000, saura 3,600. In ta ƙara wa kowanne naira 1,000, abin da zai rage mata naira 1,600 ne, ƙasa da abin da take biyan yarinyarta. Wannan baiwar Allah ko dai ta sallami ɗaya, ko ta jawo 'yarta daga makaranta ta maye gurbin. Yawan ciniki shi ke ɗaukar lada, kuma cinikin bakin tafki ba ya tsayawa wuri ɗaya, ranar kasuwa dabam, ranar da ba kasuwa dabam.

Binciken da ya girgiza masana

An daɗe ana koyarwa a jami'o'i cewa in aka tilasta ƙarin lada to guraben aiki za su ragu, kamar yadda masu saye ke raguwa in kaya ya yi tsada. A ranar 1 ga Afrilun 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga mafi ƙarancin lada daga dala 4.25 zuwa dala 5.05 a awa, maƙwabciyarta Pennsylvania kuwa ba ta ɗaga ba. Wasu masana biyu, David Card da Alan Krueger, suka ga dama ta samu ta yin gwaji irin na ɗakin kimiyya, inda ake canza abu guda a bar sauran yadda suke. Suka bibiyi gidajen abinci 410 a jihohin biyu, irin su Burger King da KFC, kafin ƙarin da kuma bayansa. Sakamakon da suka buga a 1994 ya nuna cewa guraben aiki ba su ragu a New Jersey ba in an gwada da Pennsylvania, farashin abinci ne ya ɗan tashi da kimanin kashi 4 cikin 100. Wasu masana, David Neumark da William Wascher, sun ƙalubalance su da alkaluman takardun biyan albashi, suka ce an sami raguwa, kuma gardamar ba ta mutu ba har yau. Duk da haka hanyar binciken ta karɓu, tana cikin abin da ya sa aka ba Card kyautar Nobel a 2021.

Wani bayani da ake bayarwa ya samo asali daga Joan Robinson, masaniya 'yar Ingila, a 1933. Ta nuna cewa inda masu neman aiki suka yi yawa kuma ba su da wurin gudu, mai ɗaukar aiki na iya biyansu ƙasa da amfanin da suke kawo masa. A irin wannan hali, in lada ya ƙaru, mai gida ba zai kori kowa ba, domin har yanzu yana cin riba a kan kowane ma'aikaci. Matashi namiji a ƙasar Yauri yana da zaɓi, ga ƙwadagon gonar albasa da rani, ga su, ga haƙar zinariya, ga acaɓa, don haka dole a biya shi ko ya tafi. Bazawara mai 'ya'ya ko yarinya 'yar talla ko almajirin da ake sallama da ƙanzo ba su da wannan zaɓi, kuma su ne aka fi tauyewa.

Sai dai a yi hattara wajen ɗauko darasin Amurka. Ƙarin New Jersey bai kai kashi 20 cikin 100 ba, kuma ya hau kan kowane gidan abinci a lokaci guda, saboda haka babu wanda ya ji tsoron maƙwabcinsa zai kwashe masa masu saye. Mai rumfa a Yelwa in ta ƙara, ita kaɗai ta ƙara.

Abin da lada ke dawowa da shi

Lissafinmu na baya ya ɗauka cewa aikin ɗan aiki ba ya canzawa ko nawa aka biya shi, alhali Bahaushe ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. A shekarar 1913 kamfanin motoci na Henry Ford a Amurka ya ɗauki sama da mutum 50,000 domin cike guraben da ba su wuce kimanin 14,000 ba, saboda yawan masu ajiye aiki. A Janairun 1914 ya kai lada dala 5 a rana, ninki biyu na da, sai masu tafiya suka ragu ainun, riba kuma ba ta faɗi ba. Ford yana da injuna masu ninka aikin hannu, mai tuwo kuwa ba ta da ikon sa tukunya ta tafasa da sauri, amma akwai abin da ya haɗa su. Sabuwar 'yar aiki na ƙona miya, tana zuba ludayi fiye da kima, tana ɓarnatar da itace, tana ɓata wa tsohon mai saye rai. A misalinmu na farko, in ƙwarewa da riƙon amana suka rage ɓarna da kwantai da kashi 3 cikin 100 na cefane, an tsirar da naira 2,040, wato rabin ƙarin ladan ya biya kansa. In mai miyar da ake zuwa dominta ta koma wata rumfa, takan tafi da mutanenta.

Har ila yau, albashin gwamnati na shafar rumfa ta wata fuska. Malamin makaranta da ma'aikacin ƙaramar hukuma masu saye ne, in aljihunsu ya yi nauyi ciniki na ƙaruwa. Dattawan malamai kuwa za su tuna da ƙarin albashin Udoji na 1974, wanda bayan an biya shi hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 1975, 'yan kasuwa suka karɓe da hagu abin da aka bayar da dama.

Malamin lissafi ko na tattalin arziki zai iya raba ɗalibansa rukuni-rukuni, kowane rukuni ya nemi izinin wata mai abinci a unguwarsu, ya rubuta cinikinta da cefanenta da ladan 'yan aikinta na mako guda, har da kimar abincin da suke ci a wurin, tunda shi ma lada ne. Daga nan su fitar da kason lada a cikin ciniki, su gano naira nawa za a ƙara wa kwano kafin kowane ɗan aiki ya sami naira 2,500 a rana, da kuma kwano nawa za ta sayar kafin abin da ya rage mata ya kai na yarinyar da take biya. Kada a manta a ware ranar kasuwa daga sauran ranaku.