Ƙaramar Bindigar Ɓoyo da Abin da Ke Cin Ta

Ku sani, ya ku masu karatu, malamai da fatake, a ƙasashen Turawa, tun ba Amurka ba, akwai wata irin ƙaramar bindiga wadda ake ƙerawa musamman domin a ɓoye ta cikin tufafi. Tsawonta bai cika wuce taƙi guda ba, nauyinta kuwa bai kai kilo ɗaya ba. 'Yan sandan ciki da dogaran manya suna cikin waɗanda suka fi ɗaukarta tun da, amma daga 1987, sa'ad da jihar Fulorida ta sauƙaƙa ba talakawa izni, sai sauran jihohin Amurka suka yi ta bin sawu, har Ilinoyi ta zama ta ƙarshe a 2013. A Nijeriya kuwa dokar bindigogi ta 1959 ta sa libarba da 'yan'uwanta cikin makaman da aka hana, ba mai riƙe su sai da iznin shugaban ƙasa. Saboda haka wannan labarin mutanen can ne da ƙarfensu, amma duk wanda ya taɓa ajiye takobi ko keken ɗinki zai gane kan maganar.

Ran 20 ga Maris 1974, da dare, a Landan, bisa titin da ya miƙe zuwa fadar Sarauniya, wani mutum ya tare motar Gimbiya Anne yana nufin sace ta. Dogarinta, Sufeto James Beaton, yana ɗauke da ƙaramar bindiga ƙirar Walther ta Jamus. Mutumin ya harbe shi a kafaɗa. Beaton ya zaro tasa ya harba sau ɗaya bai samu ba, da ya nemi ƙarawa sai bindiga ta cije. Bai da sauran abin kāre Gimbiya sai jikinsa, ya kuwa tare da shi, aka ƙara masa harbi biyu. Ya rayu, aka ba shi lambar George Cross. To, wannan shi ne wuyar sha'anin irin wannan makami: ana ɗaukarsa kwana dubu domin daƙiƙa guda, in ya ƙi a wannan daƙiƙa, kwana dubun sun tafi a banza.

Mai karatu zai zaci yawan harbi ne ke tsufar da bindiga. Hakika ƙarfen kansa yana da nisan kwana ƙwarai. Wasu daga cikin ƙananan bindigogi ƙirar Browning ta 1910, waɗanda maharan Sarayebo suka riƙe ranar da aka kashe Yariman Ostiriya a 1914, suna nan har yau a gidan tarihin soja na Biyana. Amma su a akwatin gilashi suke kwance, ba mai taɓa su. Wadda ake ɗaurawa a ƙugu kullum kuwa, babban abokin gābarta shi ne jikin ubangidanta. Gumi ruwa ne da gishiri, gishiri kuwa shi ke gaggauta tsatsa. Baƙin launin nan da maƙeran da ke yi wa bindiga fata ce siririya ƙwarai, ba ta tsare ruwa sai an bi ta da mai, kuma shiga da fita kube yana goge ta a baki da kusurwoyi. Kuben fata shi ma yana shan gumi ya riƙe shi, ya yi ta shayar da ƙarfe dare da rana, kamar yadda takobi ke yin tsatsa cikin kubensa da damina alhali ko ɗigon ruwan sama bai taɓa shi ba.

Maƙera sun daɗe suna neman maganin wannan. A 1965 kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya fito da wata ƙaramar libarba mai harsashi 5, Model 60, wadda aka yi da farin ƙarfen nan mai wuyar tsatsa. A farkon shekarun 1980 Gaston Glock, mutumin Ostiriya wanda a da sandunan labule da wuƙaƙe yake yi, ya kawo bindiga mai gangar jiki ta roba mai tauri, ƙarfen samanta kuwa an dafa shi cikin wani narkakken gishiri har fatarsa ta ƙeƙashe. An sami sauƙi, ba shakka. Sai dai wannan sauƙi ya haifi wani aibi, domin mutum ya duba waje ya ga fes, sai ya sakankance, alhali ƙananan kusoshi da wayoyin ciki suna can suna ci.

Sa'an nan ga burbushin zaren tufafi da ƙura, waɗanda ke shiga kowace kafa. Mai sabon hannu yakan ce bari ya malala mata mai domin ta ji daɗi, nan kuwa ya yi ɓarna. Man da ya yi yawa shi ke kama zaren da ƙurar su zama kwaɓaɓɓen abu kamar danƙo, in kuwa ya gangara cikin ramin tsinken da ke dukan gindin harsashi, sai tsinken ya yi nauyin tafiya, ya yi duka maras ƙarfi, harsashi ya ƙi tashi. Wanda ya bar ta ƙayau kuma, ƙarfe ya goge ƙarfe. Shi ya sa littattafan maƙera suke faɗin wuraren da za a ɗiga mai da adadin ɗigon, kaɗan ne ainun.

Amma mas'alar da ta fi zurfi ita ce ta sifirin, watau murɗaɗɗiyar wayar nan mai takurewa ta koma. Bindiga mai ɗura wa kanta harsashi tana da murfin ƙarfe a sama mai kai da komo. In an harba, ƙarfin albarushi ya tura murfin baya, ya fitar da kwanko, sa'an nan sifirin ya tare shi ya maido shi gaba, ya ɗebo sabon harsashi a hanya. A babbar bindigar soja murfin yana da nauyi, hanyarsa da tsawo, sifirin ma dogo ne, aiki ya rabu a kansu. A ƙarama kuwa an gajarta kome, an rage nauyin kome, amma sau da yawa harsashin shi ne dai na babbar, mai faɗin milimita 9. Kayan raƙumi ne aka ɗora wa jaki. Murfi mai sauƙi ya fi gudu, gajeren sifirin ya fi shan wuya a kowane harbi, saboda haka ya fi saurin gajiya. Akwai wata 'yar mitsitsiya da aka yi a Amurka, Rohrbaugh R9, wadda nauyinta bai kai giram 400 ba. Maƙeranta da kansu suka ce a sake mata sifirin bayan harbi 200, alhali manya suna kai dubbai kafin a waiwaye su. Kamfanin Glock kuwa, da ya zo yin ƙaramarsa mai lamba 26 a tsakiyar shekarun 1990, sai ya sa sifirin biyu, ɗaya cikin ɗaya, domin su raba wahalar.

Illar gajiyayyen sifirin ba ta bayyana nan da nan, abin da ya sa ta zama mugu ke nan. Bindiga tana harbi kamar kullum, amma murfi yana dukan gangar jiki da ƙarfin da ya wuce ƙa'ida, yau da gobe har tsaga ta fito, tun ba ga mai jikin alminiyam ba. Wayar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba ita ce ke tsaron abin da ya fi kome tsada. Kuma abin lura, ba zama a takure ne ya fi gajiyar da sifirin ba, yawan takurewa da sakewa ne, kamar yadda waya ke karyewa in an yi ta lanƙwasa ta ana miƙewa.

Gidan harsashi, wanda ake cusawa cikin mariƙi, na siririn ƙarfe ne, leɓɓansa biyu su ke riƙe harsashi a daidai kusurwar da zai shiga. Faɗuwa ɗaya bisa dutse ta isa ta karkatar da leɓe da abin da ido ba ya gani, daga nan sai cijewa. Harsashin ma yana tsufa a jiki. Wanda ke sauke bindigarsa kowane dare ya sake ɗura harsashi guda ɗin nan kowace safiya, dukan da kan harsashin ke sha yana tura shi cikin kwankonsa kaɗan kaɗan, ɗakin albarushi ya ƙuntata, ranar harbi matsin ya wuce kima. Domin haka sassan 'yan sanda da yawa suke harbe harsasan da aka daɗe ana ɗauka a wurin gwaji, su ba da sababbi. Har ɗigon hasken nan da ake sa wa maunin saiti domin dare yana da ajali: iskar tiritiyam ce a ciki, haskenta yana raguwa da rabi cikin shekara 12 da 'yan watanni, ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba.

In ana zancen daɗewa, ba a tsallake Makarov ta Rasha, wadda sojan Tarayyar Sobiyet suka karɓa a 1951. Nikolai Makarov ya rage gaɓoɓinta iyakar iko, har ya sa sifirin guda yana aiki fiye da ɗaya, ya kafe bututun a jikinta ba ya motsi, aka kuma shafe cikin bututun da kurom domin tsatsa. Harsashi 8 take ci, nauyinta giram 730, kunamarta da tauri a jan farko, ba ta da wani kyan gani. Amma waɗanda aka ƙera shekara 60 da suka wuce suna hannun mutane suna harbi. SIG P365 ta 2018 ta fi ta sauƙi da wajen giram 200, ta kuma fi ta cin harsashi da 2, hikimar ƙirarta abin yabo ce. Sai dai shaidar daɗewa ba a ba yaro ita, sai ya tsufa.

Lokacin wankin ma yana da nasa haɗari. Wasu ƙirar, har da Glock, ba sa kwancuwa sai an ja kunama, kuma cire gidan harsashi ba ya fitar da wanda ya riga ya shiga bututu. Mutane da dama a Amurka sun harbi hannunsu ko ƙafarsu, wasu ma iyalinsu, a kan teburin goge bindiga, bisa zaton babu kome ciki.

Dillalan tsofaffin bindigogi na can sun san duk wannan, shi ya sa ba sa tsayawa kan ƙyallin waje. Bakin da ya goge fari saboda kube ba ya tsorata su. Sai su kwance marfin mariƙi su duba ƙarƙashinsa, inda gumi ke taruwa ba a gani, su haska bututu su nemi ramukan tsatsa, su duba inda murfi ke dukan jiki ko da tsaga. Kuma gefen hagu suke fara juyawa, domin ga mai ɗaura bindiga a ƙugun dama, wannan gefen ne ke manne da fata.