Ko Kun Sani? Gadon da Uwa Kaɗai Ke Bayarwa

Akwai gado a jikinku da uba ba shi da hannu a ciki. Mitokondiriya, ƙananan sassan da ke samar wa ƙwayoyin jikinmu kuzari, suna da nasu DNA mai ƙwayoyin gado 37, kuma daga uwa kaɗai ake samun sa. Ƙwan mace na ɗauke da kwafinsa sama da 100,000. Ɗan abin da maniyyi ya shigo da shi kuwa lalata shi ake yi. Namiji yana gadonsa, amma ba ya gadar wa 'ya'yansa. Da wannan aka gane ƙasusuwan Sarauniya Alexandra ta Rasha, wadda aka kashe a 1918: an gwada su da jinin Yarima Philip na Ingila, wanda kakarsa ta wajen uwa yayarta ce.